Kwamin iyo na kankare a bayan gida, Sangotedo: wanda ya taɓa yi ya taimaka da shawara

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini, musamman mazauna Lekki zuwa Ajah a nan Legas. Allah Ya nufa bara na gama gidana a Sangotedo. Fuloti ɗaya ne, ƙafa 60 da 120, kuma an bar mini fili a baya wanda yanzu ba komai a ciki sai igiyar shanya da ragowar bulo. Yarana huɗu, babbar tana da shekara 13, autan 3. Tun da muka je wani otal a Ikeja da ƙaramar sallah suka ga 'ya'yan mutane suna iyo, ban sake samun sakat ba. Ni kuma gaskiya ba na son kai 'ya'ya mata wurin da ake cakuɗa maza da mata ana wanka, bakin teku kuwa ko kusa, kowa ya san yadda ruwan nan yake fizgar mutum. Shi ne na ce me zai hana in yi musu kwami na kankare a gida, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi.

Na kira mutum biyu. Na farko ya ce miliyan 9, zai jera bulo mai inci 9, ya cika ramukansa da kankare, ya yi filasta, ya manna tayil, cikin wata ɗaya ya miƙa mini. Na biyu ya ce miliyan 22, kankare zalla da rodi ninki biyu, kuma wai ba zai sa diga ba sai an gwada ƙasar. Tazarar ta yi yawa. Ko dai na farkon bai san aikin ba, ko na biyun ya ga zanna bukar a kaina ya ɗauka ɗan canji ne.

Ɗan Agege:
Wa alaikumus salam. Alhaji, mutumin da ke zaune a Sangotedo ne zai kashe miliyoyi a kan wurin iyo? Ka yi haƙuri zuwa watan bakwai, Allah zai kawo maka kyauta har ƙofar falo.

Maman Sadiq:
Kai dai Ɗan Agege ba ka rabuwa da tsiya. Mutum ya zo da magana ta gaske.

Injiniya Ikorodu:
A cikin tsiyar tasa akwai gaskiya, Hajiya. Alhaji, barka da tarewa, Allah Ya sa rai aka yi wa. Kafin mu je ga wa ya yi tsada wa ya yi araha, bari in yi maka lissafi ɗaya, don shi ne gaba ɗayan maganar.

Kwamin da ka faɗa zai ci lita 48,000. Kowace lita 1,000 tan ɗaya ce, ka ga tan 48 na ruwa ke nan. Yawancin mutane wannan ruwan suke tsoro, kada ya fasa bango ya fita. A Kano ko Zariya, ko ma nan Agege da Ikeja inda jar ƙasa take, tsoron yana kan hanya. Amma a ɓangarenku ruwan da ke waje ya fi na ciki haɗari. Mu a gida cewa muke ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Lekki da Ajah ko ba ka tona ba yana nan dab da tafin ƙafarka, yashi ne kawai ya lulluɓe shi.

In aka zuba daɓe da bango masu kaurin santimita 25, kankaren zai kai wajen kubik mita 19, nauyinsa tan 45 da 'yan kai. Ramin da kwamin ya mamaye a cikin ƙasa kuma, in ka haɗa da kaurin bango da na daɓe, kusan kubik mita 67 ne. To ranar da ruwan ƙasa ya taso ya cika har baki, kamar yadda yake yi a watan shida da na bakwai, zai riƙa tura kwamin sama da ƙarfin tan 67. In cike yake da ruwa babu damuwa, 45 da 48 sun rinjayi 67. In kuwa ka kwashe ruwan don wanki ko gyara, saura tan 45 suna kokawa da 67. Kwale-kwale ka gina ba ka sani ba. Jirgin dakon kaya da ke Apapa ƙarfe ne zalla, ai ba ya nutsewa, dalilin ɗaya ne.

Saboda haka mutuminka na biyu da ya ce sai an gwada ƙasa, ba don hularka ya faɗa ba. Ban ce farashinsa daidai ne ba, ban ga takardarsa ba. Amma tambayar da ya fara da ita ita ce ta mai sanin aiki.

Baban Ummi:
Ikon Allah. Injiniya, wallahi ban taɓa kawo wa raina kankare zai iya tasowa ba. To ta bulon fa?

Birkila Mai Cokali:
Ranka ya daɗe Injiniya, da izininka zan ɗan saɓa. Shekara 26 ina riƙe da cokali a garin nan. Tankin ƙasa nawa na yi da bulo, sokawe nawa, kwamin kifi nawa a Ikorodu ɗin da kake zaune? Suna nan har gobe. Kwamin wanka ma na yi guda biyu a Magodo da bulo mai inci 9, kowane rami da rodinsa a tsaye, aka cika da kankare, aka ɗaure da linta a tsakiya da sama. Ɗaya ya haura shekara goma, ko ɗigo. Ku masu takarda kun saba tsorata mai gida har ya fasa aikin, mu kuma mu rasa na cefane. Abin da zan yarda da shi kawai, bulon kasuwa ba zai yi ba, wanda ake buga sama da 40 da buhu ɗaya, ka murza da yatsa ya zube. Sai dai a buga na musamman.

Injiniya Ikorodu:
Baba, ban raina aikinka ba, mu ma a hannun irinku muka koyi abin da ba ya cikin littafi. Amma ka lura da kanka ka ba da amsa: a Magodo ka yi. Can tudu ne, ƙasa mai ƙarfi, ruwa yana nesa. Kwamin kifi kuwa a saman ƙasa yake, in ya tsattsafo za a gani a toshe. Matsalar bulo ita ce kowane layi na haɗi ƙofa ce ga ruwa, kuma kankaren da aka ɗura a ramin bulo ba mai ganin ko ya sauka har ƙasa ko ya maƙale a tsakiya. A ƙasa mai yashi da ke motsi, ƙaramar tsaga ɗaya ta isa.

Ga abin da zan sa ido a kai in nawa ne. A fara shimfiɗa siririn kankare na santimita 5 don rodi kada ya kwanta a kan yashi. Rodi mai milimita 12, ninki biyu, sama da ƙasa, tazarar kuma wanda ya zana ne zai faɗa bayan ya ga sakamakon ƙasa, galibi tsakanin santimita 15 da 20. A sa biskit ɗin nan na siminti a ƙarƙashin rodi da gefensa, kankare ya rufe shi da santimita 4 zuwa 5, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi ta kumbura ta fasa bangon daga ciki. Siminti mai lamba 42.5, kwaɓin kuma siminti ɗaya, yashi ɗaya da rabi, tsakuwa uku. Wajen buhu 8 ke nan a kowane kubik, ka ga buhu 150 sun tafi a kankare kaɗai, ba a zo filasta da tayil ba. Yashin a tabbatar ba mai gishiri ba ne, don a yankinku ana kawo na bakin ruwa a ce maka wankakke ne. Sannan inda bango ya haɗu da daɓe, a nan kashi mafi yawa na yoyo yake farawa. Ko dai a zuba su rana ɗaya ba tsayawa, ko a binne robar nan mai faɗi da ake kira wotasitof, rabinta a daɓe rabinta a bango.

Birkila Mai Cokali:
Wannan na yarda. In ƙara maka ɗaya da ba ka faɗa ba: leburori. In rana ta take, hannu ya gaji, sai ka ga yaro ya faki ido ya antaya bokitin ruwa a cikin miksa don kwaɓin ya yi laushi ya yi saurin zuba daga kwanon sarki. Wannan bokitin shi ke kashe kankare. Alhaji, ranar zubi ka bar kasuwa ka zo ka zauna a kan kujera kusa da miksa. Kuma ka ji ƙarar baibireta, injin da ke girgiza kankare ya zauna, da kunnenka. In ba a soka ta ba, ranar da aka cire katako za ka ga bangon kamar saƙar zuma, su kuma su yi maza su shafe da filasta kafin ka iso. Amma dai maganar bulo ina nan a kan bakana.

Malam Direba:
Salamu alaikum. Ni ba magini ba ne, tuƙi nake yi, amma abin da Injiniya ya lissafa na gan shi da idona. A 2017 ina aiki a wani gida a Lekki. Tayil ɗin kwamin mai gidan ya fara ɓantalewa, sai aka kira masu gyara, suka zuƙe ruwan tas ranar Alhamis, suka ce za su dawo Litinin. Asabar ɗin nan, 8 ga Yuli, aka yi ruwan da duk wanda ke Legas lokacin bai manta ba, wanda ya shanye Victoria Island da Lekki har mutane suna tuƙa kwale-kwale a kan titi. Mu muna ta fama da kwashe kaya daga ƙasa zuwa bene, ba wanda ya leƙa baya.

Da safe mai gadi ya kira ni ya ce zo ka ga abin mamaki. Gefen da ya fi zurfi ya ɗago sama da daɓen tsakar gida kamar tsawon tafin hannu. Duwatsun da aka jera a bakinsa sun tsattsage a jere kamar an ja layi da wuƙa. Ruwan saman da ya taru a ciki ya koma gefe guda, ka san yadda ruwa yake yi in ka karkata faranti, to haka. Bututun da ke ƙasa duk sun karye. Kuma abin haushin, da ruwa ya janye bai koma mazauninsa ba, don yashi ya riga ya shige ƙarƙashinsa. Ƙarshe fasa shi aka yi da injin, aka cike ramin aka shuka ciyawa. Mai gidan ya yi wata guda ba ya son a ambaci bayan gida.

Ɗan Agege:
Ka ji ko. Ni da na faɗa aka ce tsiya ce.

Baban Ummi:
Inna lillahi. To Injiniya, ke nan a ɓangarenmu ba ya yiwuwa?

Injiniya Ikorodu:
Yana yiwuwa, ai ga su nan birjik a Lekki. Dabaru ne. Ana sa wani bawul a daɓen, in ruwan ƙasa ya yi ƙarfi sai ya buɗe ya shigo ciki maimakon ya ɗaga kwamin. Ana faɗaɗa daɓe ya fito bayan bango kamar dunduniya, ƙasar da aka mayar ta danne shi. Ana shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashi da 'yar rijiya a gefe da za a riƙa zuƙe ruwa kafin a taɓa na ciki. Wadda na fi so kuma, don ita ce mai sauƙi: kada a binne shi duka. In santimita 75 kawai ya shiga ƙasa, sauran ya tsaya a sama a yi masa matattakala, turin ya sauko ƙasa da tan 30, nauyin kankaren ya fi ƙarfinsa ko babu ɗigon ruwa a ciki.

Kafin komai, tunda damina muke, samu yara biyu su haƙa maka rami a inda kake so, zurfin mita ɗaya da rabi, ka rufe da katako ka bar shi ya kwana. Da safe ka auna inda ruwa ya tsaya. Wannan ba ya maye gurbin gwajin ƙasa, amma zai gaya maka da wa kake kokawa.

Ɗan Illela:
Alhaji, haƙa ita ce sana'armu, mu ka yin wanga aiki daga Ajah har Ibeju. Abu guda nika gaya maka, yashin wurin nan ba shi tsayawa. Kana haƙa yana zubowa, in ka matsa kusa da katanga sai dai ka ji ta bisa kanka. Wani yaronmu ɗan Konni da ƙyar munka jawo shi, yashi ya kai mai ga ƙirji. A ja nesa da katangar maƙwabci da harsashin gida, aƙalla kwatankwacin zurfin ramin, a kuma kafa katako a tokare. Babban haƙan a bari sai watan sha biyu zuwa na biyu, sa'ad da ruwa ya ja baya. Ko a lokacin sai injin zuƙe ruwa ya kwana yana aiki.

Maman Sadiq:
Duk kun yi maganar siminti da rodi, ba wanda ya tsaya a kan kalma ɗaya da Alhaji ya faɗa tun farko: autansa shekararsa 3. Ni nan hankalina ya tsaya. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba irin abin da ake nunawa a talabijin ba ne. Shiru ake ji, kuma 'yan mintuna sun isa. Uwa ta shiga kicin ta sauke tukunya ta fito, shi ke nan. A ƙarshen Oktoban 2022 duk ƙasar nan ta ji abin da ya faru a gidan wani fitaccen mawaƙi a Banana Island, yaro ɗan shekara 3, a gidan da ke da ma'aikata da mai reno. Yawan mutane a gida ba ya tsare yaro, kowa sai ya ɗauka yana wurin wani.

Saboda haka Alhaji, in za ka yi, kuɗin shinge ya shiga lissafi tun yau, kada a ce sai an gama. Shinge ta kowane gefe huɗu, har gefen da ke kallon ƙofar kicin, tsayinsa ya kai mita 1.2, sandunan a tsaye don kada a taka a hau, ƙofa mai rufe kanta, sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai. Sannan zurfin nan na mita ɗaya da rabi na waye? Ko 'yarka babba da ƙyar hancinta zai fito. Kuma ka tambayi Maman Ummi tukuna? Don kai kana kasuwa daga safe har dare, ita za a bar wa gadin ruwa.

Baban Ummi:
Hajiya, kin kama ni. Na gaya mata, ta ce "to", amma irin "to" ɗin nan da ban gamsu da ita ba.

Abu Hafsa:
Ni dai da za a ji tawa, a bar wannan abu. Ga 'yan'uwanmu nan a Idi-Araba suna sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, mutum kuma ya tara lita dubu 48 don wasa. In wannan ba almubazzaranci ba ne, mene ne? Miliyan 22 rijiyar burtsatse nawa za ta haƙa a ƙauyenku, Alhaji?

Maman Sadiq:
Malam, a yi adalci. Mutumin nan bai ce ya hana zakka ba, kuma ba mu san abin da yake yi a ƙauyensu ba. Dalilin da ya kawo ma na sutura ne.

Malamin Islamiyya:
Abu Hafsa, nasiharka tana da kyau amma hukuncin ya yi tsauri. An rawaito daga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ku duba yadda jiragen ruwa suke kifewa da mutanenmu a Neja da Kebbi da Sakkwato kusan kowace damina, da yawansu ko taku biyar ba za su iya yi a ruwa ba. Mu da muka tashi a ƙauye a kududdufi muka koya, da dukan iyaye da tsargiya da komai. Yaran Legas ba su da kududdufi sai kwata. Abin da zan ja hankalin Alhaji a kai shi ne suturar da ya ce ita ta sa shi. Sangotedo yanzu benaye ne ke tashi ta ko'ina. In tagar maƙwabci tana kallon bayan gidanka, ka gudu daga idon otal ka faɗa na unguwa. Ka tsaya a wurin ka ɗaga kai ka duba, ka kuma tuna filin da ba a gina ba yau, gobe bene ne.

Abu Hafsa:
Na ji, Malam. Amma ina nan a kan cewa akwai abin da ya fi shi.

Na Mile 12:
Bari mai ɗaki ya yi magana, shi ya san inda yake masa yoyo. Ina da kwamin iyo a gidana a Ikorodu shekara shida ke nan, ƙarami ne, bai kai na Alhaji ba. Ginin ba shi ne kashe kuɗin ba, riƙon ne. Kamar ka ƙara aure ne, sadaki sau ɗaya ake biya, cefane kuwa kullum.

Ruwan nan dole ya riƙa zagayawa ta cikin matatar yashi, awa 6 zuwa 8 kowace rana. Injin mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wajen wat 750, awa 8 yunit 6 ke nan, a wata 180. Lokacin da aka mayar da 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, lissafin injin nan kaɗai ya haura dubu 40 a wata. In babu wuta ka ta da janareta, in ka yi ƙyuya kwana huɗu zuwa biyar a zafin Legas, ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka, gansakuka ta kama bango, kwaɗi su tare, sauro ya samu gidan haya. Ni daga baya sola na sa masa shi kaɗai na huta.

Sai magani. Akwai 'yar kwalbar gwaji, kana ɗiban ruwa ka ɗiga magani ka duba launi. Kulorin ya tsaya tsakanin 1 da 3, ma'aunin tsami da ake kira pH tsakanin 7.2 da 7.8. In ya kauce, idon yara ya yi ja, kulorin ɗin ma ya daina aiki. Kada a taɓa haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya, hayaƙinsa kisa yake yi, kuma a kulle su inda yara ba sa shiga.

Abin da ya fi ba ni haushi ranar farko: na cika shi da ruwan bohol, garau kamar hawaye, na kira yara suka tsaya suna tsalle. Na zuba kulorin, kafin la'asar ya koma kalar shayi. Ashe ƙarfe ne a cikin ruwan, maganin ya fito da shi. Kwana huɗu muna tacewa muna wanke matata. Ɓangarenku ma wani wurin har gishiri-gishiri ruwan yake yi. Ka kai a gwada maka tun yanzu, in bai yi ba ka sa kuɗin tanka a lissafi.

Injiniya Ikorodu:
Na Mile 12 ya gama magana. In ƙara biyu a gurguje. Fitilar cikin ruwa ta zama mai bolt 12, tiransifomarta a nesa, da makashin da ke yanke wuta da kansa in ta zuba. Wannan ba wurin gwajin yaron mai gyaran fanka ba ne. Na biyu, kada a manna tayil ko ɗaya sai an gwada. Bayan zubi a riƙa jiƙa kankaren aƙalla kwana 7, a bar shi ya cika kwana 28, sannan a cika shi da ruwa tsirararsa a bar shi mako guda. Ka ɗora bokiti a kan matattakala da ruwa a ciki, ka ja layi a bokitin ka ja a bango. Rana tana shan duka biyun daidai. In na bango ya fi na bokiti sauka, akwai yoyo, kuma a lokacin ne gyara yake da araha. Ragowar kuɗin ɗan kwangila ya zauna a aljihunka sai bokiti ya wanke shi.

Ɗan Agege:
Duk kun manta da manyan injiniyoyin Legas. Tifar yashi ta farko tana juyewa za ka ga 'yan omonile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, sun tsiro kamar naman kaza, a biya kuɗin haƙa, a biya kuɗin zubi. An yi musu doka tun 2016 zamanin Gwamna Ambode, amma je ka karanta musu ita a bakin get.

Injiniya Ikorodu:
Su a lallaɓa ta hannun ƙungiyar unguwa. Na gwamnati kuma kada a yi wasa da su. Hukumar LASPPPA ke ba da izinin gini, hukumar LASBCA ke zuwa duba aiki, kuma tun da benen nan mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, ba su da sauƙi wajen shafa wa gini jan fentin dakatar da aiki. Ɗauki zanen gidanka ka je ofishinsu na yankinku kafin ka haƙa. Wanda zai zana maka kuma ka nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Ranar zubi a ɗebi kankare a 'yan akwatunan gwaji a kai ɗakin gwajin kayan gini na jiha, a matse a kwana 7 da kwana 28.

Baban Ummi:
Jama'a, na dawo bayan kwana tara, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yaran Ɗan Illela sun zo sun haƙa ramin. Ba su ma kai mita ɗaya da rabin ba, yashi ya fara zubowa suka fito. Da safe na sa sandar mofa na auna, ruwa yana tsaye a santimita 80 daga sama, kuma kwana uku ke nan ba a yi ruwan sama ba. Na kira mai miliyan 9 na nuna masa, ya leƙa ya ce ba komai, za a zuba siminti busasshe ya shanye. Na ba shi kuɗin mota.

Na zauna da Maman Ummi kamar yadda Hajiya ta ce. Ashe "to" ɗin tana da 'ya'ya. Sharaɗinta uku: shinge kafin ruwa, mukulli a hannunta, kuma igiyar shanyarta a nemo mata wani wuri. Mun rage shi zuwa mita 6 da 3, zurfi mita 1.2, lita 21,600, rabi a ƙasa rabi a sama. Gefen gabas akwai bene mai hawa biyu da tagoginsa ke kallonmu, Malam ya yi gaskiya, za a yi rumfa ta wannan ɓangaren. Mai miliyan 22 ya ce zai sake lissafi in sakamakon gwajin ƙasa ya fito. Haƙa sai watan ɗaya in Allah Ya kai mu. Kafin nan na sa manyan biyu a wurin wata mai koyar da iyo ranar Asabar da safe, lokacin mata zalla.

Abu Hafsa, ban manta da maganarka ba, akwai abin da na ƙudura, ba sai na faɗa a nan ba.

Birkila Mai Cokali:
Santimita 80? To a wannan wurin kam na janye bulona. Amma matattakala da ɗakin injin, Alhaji, kada ka ba wani.

Ɗan Agege:
Alhaji, ramin gwajin fa, an cike shi? Autan nan yana yawo a bayan gida.

Baban Ummi:
Subhanallahi, katako ne kawai a kai. Bari in kira gida yanzu.